Jirgin Ƙarfe da Hannun Inna

Rabi ce ta fara faɗa a gabana, ranar sunan ɗanta na biyu, tana dariya kamar ba komai ba, wai ita ba ta tuna ranar da kakarta ta goya ta ko ta ɗora ta a cinya ba. Sai sauranku 'ya'yana kuka kama, kowa na kawo nasa. Sa'adu ya ce ko ƙosai Inna za ta ba shi, sai dai ta ajiye a faifai ta janye hannu. Ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, har cewa ya yi tsohuwar dai ba ta son yara. Na ƙyale ku saboda baƙi, amma maganar ba ta bar ni ba. Na kuma san wasunku sun ji wata magana dabam a bakin mutanen garinmu na asali, kuna ɓoye mini don kunya. To ga shi na zauna in rubuta muku yadda abin ya kasance tun idona yana ganin layi. Wanda ya gaji da karatu ya miƙa wa na kusa da shi, amma kada kowa ya tsallake.

Gidanmu gidan fito ne. A Tungar Mashigi aka haife ni, gabas da Gummi, a bakin Gulbin Zamfara, kuma mahaifina shi ne Sarkin Fito, wato mai haye da mutane da kayansu in ruwa ya kawo. Shi ma a wurin ubansa ya gada. Kwale-kwalenmu na icen maɗaci ne, kuma mun san halinsu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. In rani ya yi, gulbi ya janye ya bar gurabu, wato wurare masu zurfi da ruwa ke kwanciya, sai mu cika kowane kwale-kwale da ruwa mu kwantar da shi a gefen gurbi, domin icen da rana ta busar tsagewa yake yi. Akwai kuma abin da ba a faɗa a waje. Kowane jirgi na gidanmu yana da hatimi a ƙarƙashinsa, wani ɗan fallen jan ƙarfe kamar tafin hannu, mai zane-zanen da ni har yau ban san ma'anarsu ba. Sarkin Fito ne kaɗai ke kafa shi, daga shi sai magajinsa, kuma idon bare ba ya ganinsa. An ce shi ke hana abin da ke kwance a gurbi taɓa jirgi. Ba a kiran sunan abin nan. In dole sai an ambace shi, sai a ce mai gurbi, a rage murya.

Inna kuwa ba 'yar ruwa ba ce. Daga Zugu aka auro ta, can ƙasar Bukkuyum, 'yar gidan maƙera. Sunanta Kulu, Baba na tsokanarta da ɗiyar maƙera har tsufansu. Mace ce mai ƙarancin magana, doguwa, mai kallon mutum har sai ya gama abin da yake faɗa. Duk abin ƙarfe da ke gidanmu, wuƙa, lauje, fartanya, ba ya kwana da laima. Takan goge shi ta shafa masa man gyaɗa ta rataye. Ta yi shekaru masu yawa a Tunga, ta haifi 'ya'yanta a can, amma in mata suna hira har lokacin sai ka ji sun ce baƙuwar gidan fito.

Jirgin ƙarfe ya zo mana shekarar da soja suka miƙa mulki, lokacin da kowane mai neman kujera ke neman abin da zai nuna. A bayan babbar mota aka kawo shi, an shafe shi da shuɗin fenti. Aka yi jawabi, aka yi tafi, aka damƙa wa Baba, mota ta juya. Babu wanda ya tsaya ya gaya mana yadda ake riƙonsa, ina kyautata zaton su ma ba su sani ba. Ba shi da inji, da gora muke tura shi, amma yana ɗaukar abin da ba mu taɓa mafarki ba: buhunan shinkafa, gishiri, takin zamani da ya cika ƙasa a lokacin, babura, har jakuna. Ina da ƙarfina a shekarun nan, ban daɗe da auren uwarku ba, kuma ni ke riƙe da gora. In na tsaya a bayansa ranar kasuwar Gummi, ji nake babu kamata a duk gaɓar gulbin.

Da daminar farko ta wuce, ruwa ya ja, bayan jirgin ya hau kan yashi. Wata rana da hantsi na tarar da Baba durƙushe yana leƙen ƙarƙashinsa. Akwai wani dunƙulen ƙarfe mai ruwan toka da aka ɗaure a wurin da ƙusoshi masu noti, kamar curin sabulu. Ranar da aka kawo jirgin sumul yake, na gan shi da idona. Yanzu duk jikinsa ramuka ne, an ƙwaƙule gefensa, wani wuri har ya yi kama da sawun haƙori.

"Garba, taho ka gani," in ji Baba. "Mi yac ci wanga abu?"

"Ban sani ba, Baba. Ko kihi na?"

"Kihi ba shi cin ƙarhe." Ya waiwaya ya dubi gurbi, ya rage murya. "Ya ɗanɗana, ya ji daɗi. In yag gama da wanga, jirgi za shi hawa."

Na yi firamare, ina sallata, amma ba zan ɓoye muku ba, tsigar jikina ta tashi. Ruwan gurbin nan kore ne shar, ba a ganin ƙasansa, kuma a ranar ko iska ba ta motsa shi ba. Baba ya kwance dunƙulen ya wurga shi can tsakiya. Washegari ya ɗauko hatimi daga ɗakinsa. A kwale-kwale al'ada ita ce hatimi ya taɓa naman ice, babu komai a tsakani, don haka ya sa wuƙa ya kankare fenti a wurin har farin ƙarfe ya fito, ya zarce faɗin hatimin da kamar yatsa biyu a kewaye. Ya bi ramukan ƙusoshin da dunƙulen ya bari ya kafa shi da ƙusoshin jan ƙarfe, ya daddale kawunansu. Ya yi addu'a ya tofa. Ya yi aikin da kulawa da tsoron Allah, don ya tsare rayukan mutane, wannan ina so ku riƙe shi kafin ku yanke masa hukunci.

Daga nan ya ce a cika jirgin da ruwa a kwantar da shi a gefen gurbi kamar sauran. Inna tana tankaɗe a tsakar gida ta ji. Ban taɓa jin ta sa baki a zancen fito ba sai ranar.

"Sarki, ƙarhe ba icce ba na. Icce ka son ruwa. Wanga a jawo shi bisa tudu, a kihe shi, a shahe shi da mai."

Baba ya yi dariya. "Ɗiyar maƙera, gidanku wuta kunka sani. Ruwa ku bar muna."

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Aka kwantar da shi, rabinsa a ruwa rabinsa a laka, da duk gishiri da takin da suka zube ƙarƙashin katakon da ake takawa, domin babu wanda ya yi tunanin ɗaga katakon ya wanke. Ba a yi nisa cikin rani ba gefen gurbin ya fara sauya launi. Wani jan abu ya riƙa tasowa yana kwanciya a kan ruwa, da safe siriri, in rana ta take ya yi kauri. Yana da ƙarni irin na wurin da aka yi yanka. Da tsakar rana, lokacin da babu kowa a bakin gulbi sai mai tsautsayi, kumfa kan fito daga cikin jirgin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar wani na numfashi a ƙasa. Ɓangaren da ke waje kuma in ya sha rana sai ya riƙa ƙara, ƙas, ya yi shiru har ka manta, sannan ƙas. Fulani suka daina shayar da shanunsu ta wannan gefen. Yara suka koma wanka can ƙasa. Ba wanda ya ce komai a fili, sai dai mutum ya zo wucewa ya ƙara sauri.

Mutum ɗaya ce ba ta sauya hanya ba. Inna a nan take wanke-wanke tun zuwanta garin, a nan ta ci gaba. In ta gama sai ta kutsa ruwa zuwa gwiwa, ta zura hannu ƙarƙashin bayan jirgin tana shafawa, kanta a sunkuye kamar mai sauraro. In ta fito da hannun, ja wur yake har wuyan hannu. Mata suna gani daga nesa. Wata rana a bakin rijiya wata ta tambaye ta abin da take nema a jikin jirgi, ita kuwa ba ta iya kwana-kwana ba.

"Jirgin ga ciwo garai," in ji ta. "Ba shi nisa."

Maganar nan ta fita, ta zaga gari, ta samu wurin zama ta jira.

Damina ta biyu ya yi aiki lafiya, sai dai ruwan da muke kwarfewa daga cikinsa kullum ja ne. Rani ya zo aka sake kwantar da shi. Fentinsa ya yi ƙuraje, in ka danna da yatsa su fashe, jan ruwa ya gangaro. Inna ta sake yi wa Baba magana, ya ce hatimi na nan, babu abin da zai faru. Ni ma na yarda da shi. Daga sama jirgin na nan da kaurinsa, in ka buga shi da gora yana amsawa. Ba mu taɓa kifa shi mun duba ƙarƙashinsa ba, domin kifa shi na nufin idon mutane zai faɗa kan hatimi.

A damina ta uku, ranar kasuwa, gulbi ya cika ya batse. Cikin masu hayewa akwai Tanko mai gishiri, maƙwabcinmu, da 'yarsa Asabe, yarinya da ba ta daɗe da fara famfara ba. Matarsa Ige ta rako su bakin ruwa. Inna na wurin, ta fito daga ruwa ke nan, hannunta jajir. Na ji da kunnena ta ce, "Ige, bar yarinyar ga gida yau." Ige ta yi murmushin yaƙe ta kau da kai. Tanko ya ɗaga Asabe ya ɗora a kan buhu. Da na tura jirgi na waiga, Inna na tsaye a gaɓa ita kaɗai, ba ta wanke hannun ba, Asabe kuma tana kallonta.

Mun wuce tsakiya kaɗan na ji wani abu ya saki a ƙarƙashin ƙafata. Babu ƙara, babu karo da komai. Katakon da nake tsaye a kai ya taso, ruwa ya ɓulɓulo ta gefensa, ja da farko, sannan launin gulbi. Kafin mutane su gane, bayan jirgin ya nutse. Allah ya sa akwai tudun yashi kusa, masunta kuma suna nan da kwale-kwalensu, aka tsamo mutane. Ni na fito da Asabe, ta sha ruwa da yawa. Tanko ya koma don buhunan gishirinsa, igiyar ruwa ta ja shi. Sai bayan kwana biyu aka same shi can ƙasa a cikin gamba.

Asabe ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, tana sambatu. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Inna Kulu, hannunki. Inna Kulu, hannunki." Ku da kuka tashi a Gummi cikin asibiti da makaranta wataƙila ba ku san nauyin wannan ba. A wurinmu in mara lafiya ya kama sunan mutum cikin sambatu, an ce mutumin ne ya kama kurwarsa. Maganinsa kuma ɗaya ne, a kawo wanda aka ambata ya tsallake mara lafiyar, kurwa ta koma. Wanda ya yarda ya tsallake ya amsa cewa shi maye ne. Wanda ya ƙi, in mara lafiya ya mutu, shi ya cinye shi.

Da rana tsaka Ige ta shigo gidanmu, tana cikin takaba, ɗauke da yarinyar a kafaɗa. Mutane sun biyo ta sun cika ƙofar gida. Ta shimfiɗa Asabe a ƙasa gaban Inna ta durƙusa.

"Inna Kulu, ban ce ke ta ba. Wallahi ban ce ba. Amma sunanki taka kira. Tanko ya tahi, ita ɗai tar rage min. Don Allah ki tsallake ta."

Na dubi ɗakin Baba. Yana ciki, asabari a sake, bai fito ba. Na shiga tsakanin Inna da yarinyar.

"Inna, kak ki tashi. In kin tsallake kin amsa."

"Na sani."

"To ki zauna. Mu kai ta Gummi, akwai likita."

"Ku kai ta. Amma in tam mutu bisa hanya ban tsallake ba, Ige ta zauna da mi har ƙarshen ranta?" Ta miƙe ta gyara zaninta. "Kauce, Garba."

Ta tsallake ta. Na ji wani nishi ya fito daga taron nan gaba ɗaya, ban taɓa jin irinsa ba kuma ba na fatan sake ji. Da yamma muka kai Asabe Gummi, aka yi mata allura, zazzaɓi ya sauka, ta tashi. Ba wanda ya tuna da allurar. Abin da aka riƙe shi ne an tsallake ta ta warke. Daga ranar mata suka daina aiko yara ɗaukar wuta gidanmu. In Inna ta nufo rijiya sai a ɗauke tuluna. Uwa kan jawo ɗanta ta rufe masa fuska da zani har ta wuce.

Raina ya ɓaci ƙwarai, barci ya ƙaurace mini. Na san uwata, amma ban san abin da ya ci jirgin ba, kuma wanda bai sani ba ba ya iya kare kowa. Sai aka kwatanta mini wani mai walda a Gummi, Yohanna, Kirista ne mutumin Filato, wanda ya yi shekaru yana gyaran jiragen ruwa a Yawuri. Na same shi a rumfarsa na ba shi labari. Tambayarsa ta farko ita ce ko dunƙulen nan mai ruwan toka yana nan. Na ce mun cire. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce me muka sa a wurin. A nan na yi abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba, na gaya wa bare zancen hatimi.

"Jan ƙarfe a jikin baƙin ƙarfe," in ji shi, "kuma kun kankare fenti." Ya juyo ya fuskance ni. "Malam Garba, ƙarfe iri biyu in suka haɗa jiki a cikin ruwa, ɗaya yakan ci ɗaya. A hankali, ba a gani. Dunƙulen nan tutiya ce. Ta fi jirgin rauni, shi ya sa ake ɗaura ta, don ita ta ƙare jirgi ya tsira. In ta ƙare a sa wata. Ramukan da babanka ya gani, aikinta take yi. Jan ƙarfe kuwa shi ba ya ciyuwa, jirgin ne ke ciyuwa a kewayensa. Ga gishiri da taki a ƙarƙashin katako, ga kwanciya a laka duk rani. Ni mamakina ma da ya kai damina uku."

Na ce zai iya faɗar haka a gaban mutane. Ya ce zai iya, in za a kifa jirgin a gani. Ya ce in gaskiyarsa ce, za mu tarar da rami zagaye da hatimin, shi kuma hatimin babu abin da ya same shi.

Da kaka ta yi ruwa ya ja, bakin jirgin ya fito a gefen tudun yashi. Na gaya wa Baba zan nemo shanun huɗa in jawo shi in kifa shi ranar da mutane suka taru. Yana zaune a zaure yana gyaran igiya, bai ɗago ba.

"Idon bare ba shi ganin hatimi."

"Baba, Inna ta ana kira mayya."

"Magana ta, ta wuce."

"Ba ta wucewa. Kai ma ka sani."

Sai ya ɗago. "In kak kihe jirgin ga gaban mutane, ba kai ba rawanin ga. Ka ji na hwaɗa ma."

Ina son rawanin nan na Sarkin Fito. Tun ina yaro nake ganin kaina da shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na nemo shanu.

Duk gari ya fito, har da na ƙetare. Yohanna ya zo a kan kekensa. Aka ja, aka ɗaga da gungume, jirgin ya kife, laka da jan ruwa suka zubo. Na ɗebo ruwa na watsa a bayansa. Ga rami nan, zagaye, ƙarfen gefensa ya yi siriri kamar busasshen ganye, in ka taɓa ya marmashe. A tsakiyar ramin hatimi na reto a jikin wani ɗan zaren ƙarfe da ya rage, na goge shi da hannu sai ga shi yana ƙyalli kamar jiya aka ƙera shi. Yohanna ya tsaya ya yi bayani dalla-dalla, da Hausarsa mai kyau, yana nunawa da yatsa. Aka saurare shi har ya gama. Na ɗauka shi ke nan, an wanke uwata. Sai wani dattijo daga baya ya yi gyaran murya.

"Kun gani ko? Kewaye Kulu tac ci. Hatimi ya hi ƙarhinta."

Kawuna suka fara gyaɗawa, daga baya har gaba. Na tsaya da jiƙaƙƙen hannu ina kallonsu. Baba ya tako ya durƙusa a gaban ramin. Na ga ya ɗora yatsa a bakinsa yana bi a hankali, yana zagayawa. Ramin bai kauce wa inda wuƙarsa ta kankare fenti ba ko kaɗan, yatsa biyu a kewaye. Na ga fuskarsa lokacin da ya gane. Na sunkuya na ce, "Baba, hwaɗa musu. Kai ɗai za su ji." Ya cire hatimin ya sa a aljihu, ya miƙe, ya bi ta tsakiyar mutane ya tafi gida.

Kafin watan ya ƙare na kwashe Inna da uwarku muka dawo Gummi. Rawani ya koma kan ɗan ƙanen Baba. Ni kuma na zauna a rumfar Yohanna ina koyon walda da gemuna, aikin da na ciyar da ku da shi. Duk jirgin ƙarfen da ya biyo ta hannuna daga baya, daga nan har Anka, sai na zaunar da mai shi na gaya masa ya ɗaga katako ya wanke gishiri da taki, ya jawo shi tudu da rani ya kifa shi, ya kankare tsatsa ya shafa fenti ko kwalta, kada ya taɓa tutiya sai in zai sa sabuwa, kuma kada ya kusanto masa da jan ƙarfe ko na wane asiri ne. Wasu sun ji, wasu sun yi mini kallon mahaukaci. Ban damu ba.

Baba ya zo sau ɗaya, bayan shekaru, ya tsufa ya rame. Ya zauna a tsakar gida nesa da Inna, ya fito da hatimin a ƙunshe cikin tsumma ya ajiye a gabanta.

"Ni nik kankare hwentin, ɗiyar maƙera."

"Na sani, Sarki. Hannuna ya gaya min tun ranin hwarko."

"To mi yas sa ba ki hwaɗi ba, ranar da Ige taz zo?"

"Tanko ya mutu, dole su samu wanda za su aza ma. Ni baƙuwa ta. Kai in sun aza ma, gidan dut ya tahi."

Ya zauna har la'asar bai ci abincin da aka kawo masa ba, sannan ya koma. A Tunga bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba har ya rasu. Na daɗe ban yafe masa ba, ita kuwa ta yafe tun kafin ya nema. Hatimin yana cikin akwatina. Sa'adu, kai mai ilimin boko, ɗauke shi ka ɗora a tsohon kwanon ƙarfe ka zuba ruwa da ɗan gishiri ka bar shi damina guda, ka kira 'yan'uwanka su ga abin da aka kira kakarsu mayya a kansa.

Ke kuma Rabi, wata rana kina rarrafe Inna na zaune a tabarma a bakin ɗakinta, kika nufe ta kai tsaye. Na ga ta ɗaga cinyoyinta ta cusa hannayenta a ƙarƙashi ta zauna a kansu. Uwarku ta ce, "Inna, ɗauke ta mana, wurinki ta zo."

"A'a, ɗiyata. Yara na zazzaɓi. In tay yi zazzaɓi bayan na ɗauke ta, ko ke sai kin tuna, ko ba ki so. Bar ni in gane ta da ido, ya ishe ni."

Kika kama gefen zaninta kika miƙe, karon farko da kika tsaya da ƙafafunki. Kina dariya kina bugun gwiwarta. Tana kallonki hawaye na bin kumatunta, ba ta da hannun sharewa, kuma ba ta fito da su ba har kika gaji kika zauna. Haka ta yi wa kowannenku har Allah ya karɓi ranta. Ita ce tsohuwar da kuka ce ba ta son yara.